Soyayyar da Ba Ta da Masauki: Nazarin Kawaici a Fim Ɗin Brief Encounter

Gabatarwa

Daga cikin finafinan baƙi-da-fari da Ingila ta samar a tsakiyar ƙarni na 20, akwai wani rukuni da har yau masu kallo ba su gaji da shi ba, wato waɗanda aka gina a kan soyayyar da doka da al'ada suka hana. Manufar wannan maƙala ita ce gano abin da ke riƙe zuciyar mai kallo a cikinsu. Za mu kafa hujja da Brief Encounter, wanda David Lean ya ba da umarni a 1945, aka kuma ciro labarinsa daga Still Life, gajeren wasan kwaikwayon Noël Coward na 1936. A ganinmu, ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da masoyan suka hana kansu.

Zubin Labari

Laura Jesson (Celia Johnson) matar aure ce mai 'ya'ya biyu, wadda ke shiga jirgin ƙasa duk ranar Alhamis zuwa garin Milford don sayayya da kallon silima. Wata rana a tasha ɓurɓushin kwal ya faɗa mata a ido, sai wani likita, Alec Harvey (Trevor Howard), ya cire mata da hankicinsa. Shi ma magidanci ne. Daga gaisuwa sai cin abinci tare, daga nan sai so ya kama su. Bayan 'yan makonni suka yanke shawarar rabuwa: Alec ya karɓi aiki a Johannesburg, Laura ta koma ga mijinta Fred.

Hani Daga Ciki

A yawancin littattafanmu na soyayya, shingen da ke tsakanin masoya daga waje yake zuwa, ko dai uba mai auren dole ko attajiri mai sayen baki. A nan babu mugu ko ɗaya. Fred mutum ne mai sanyin hali, wanda iyakar laifinsa shi ne shagala da wasan cike gurbin kalmomi na jarida. Da azzalumi ne, da mai kallo ya sami saukin yanke hukunci. Da yake ba haka ba ne, sai shari'ar ta koma cikin ƙirjin Laura, ita ce mai ƙara, ita ce kuma alƙali.

Ba a banza wannan tsoro ya mamaye ta ba. A Ingilar wancan zamani saki abin kunya ne da ke zubar da mutuncin iyali, har ma a Disambar 1936 Sarki Edward na 8 sai da ya sauka daga gadon mulki kafin ya auri Wallis Simpson, wadda ta taɓa fita daga aure. Amma abin da ya fi ƙona Laura shi ne ganin yadda ƙarya ta zame mata da sauƙi. Ranar da ta fara ɓoye wa Fred inda ta je, har ta buga wa ƙawarta waya don ta rufa mata asiri, ta ji ƙyamar kanta. Haka kuma a gidan abokin Alec, da mai gida ya dawo ba zato, ta sulale ta ƙofar baya kamar ɓarauniya. Ba a aikata komai ba, amma wulaƙancin ya riga ya tabbata.

Salon Waiwaye da Hoto

Lean ya nuna rabuwar masoyan sau biyu. A farkon fim muna ganinsu daga nesa a ɗakin shan shayi na tasha, wata mata mai surutu, Dolly Messiter, ta faɗo musu. Alec ya miƙe, ya dafa kafaɗar Laura, ya fita. Mai kallo bai ga wani abin a zo a gani ba. Daga nan sai labarin ya koma baya ta bakin Laura, tana ba mijinta a zuci, ba tare da ta furta ba. Da aka sake nuna wannan dafawa a ƙarshe, sai ta yi nauyin da sumba dubu ba za ta yi ba, domin yanzu mun san abin da ke ƙarƙashinta. Wannan shi ne kawaici a matsayin dabarar adabi.

Baƙi-da-fari ya taimaka ƙwarai. Mai ɗaukar hoto Robert Krasker ya mayar da tashar Carnforth, inda aka ɗauki sassan jirgi, duniyar tururi da inuwa da jiƙaƙƙen dakali. Da babu launi da zai janye ido, sai kallo ya tattaru a fuskar Celia Johnson. Abin da bakinta ya kasa faɗa kuwa, kiɗan fiyano na Rachmaninoff da kukan jirgi suka faɗa a madadinta. An sake shirya labarin da launi a 1974 da Richard Burton da Sophia Loren, amma bai sami karɓuwa irin ta na farko ba. Haka ma The Wicked Lady na 1945, inda Margaret Lockwood ta fito a matsayin mace mai bin son zuciya ba kunya: ya tara 'yan kallo a lokacinsa, amma Brief Encounter ne Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanya na biyu cikin fitattun finafinan ƙasar 100 a 1999.

Naƙasu

Duk da haka, akwai abin dubawa. Na farko, fim ɗin ya keɓe zurfin so ga masu matsakaicin hali. Soyayyar mai sayar da shayi Myrtle da mai duba tikiti Albert an mayar da ita abin dariya, kamar talaka bai san ciwon so ba. Na biyu, nauyin bai rabu daidai ba. Namiji ya sami ƙofar fita zuwa Afirka ta Kudu, ƙasar da fim ɗin ya ɗauka a matsayin wurin da Bature ke zuwa ya mance damuwarsa. Mace kuwa ta ruga bakin dakali, saura ƙiris ta faɗa gaban jirgi, sannan ta koma kujerarta ta kullum.

Kammalawa

Mun ga cewa abin da ke jan hankali a wannan fim shi ne yadda ya ɗauki so da amana duka da muhimmanci, bai rage darajar ɗaya don ya ɗaukaka ɗaya ba. A ƙarshe Fred ya lura matarsa ta yi nisa a tunani, bai tuhume ta ba, sai ya gode mata da ta dawo gare shi. Ashe shi ma kawaici yake yi. Matasan marubutanmu da ke cika shafuka da rantsuwar masoya na iya koyon darasi a nan: mai karatu ya fi jin zafin abin da aka bar shi ya gano da kansa.