Alƙalami a Bayan Labule: Nazari a kan Littafin Banatur Riyad

A shekarar 2005 wani kamfanin ɗab'i da ke Bairut mai suna Darus Saƙi ya fitar da wani ƙagaggen labari na Larabci mai suna Banatur Riyad, watau 'Yan Matan Riyad. Wadda ta rubuta shi, Raja al-Sani, 'yar ƙasar Sa'udiyya ce wadda ba ta wuce shekara 24 ba a lokacin, kuma aikin likitan haƙori ta karanta, ba adabi ba. Da farko ba a yarda a sayar da littafin a cikin ƙasarta ba, sai matafiya suka riƙa shigowa da shi a ɓoye yana zagawa hannu da hannu. Daga baya hukuma ta sakar masa mara, har wasu mutum biyu suka kai ƙara suna neman a janye iznin, kotu ta kori ƙarar a 2006. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba zubin littafin da taurarinsa da harshensa, a kuma gwada amsa tambaya guda: me ya sa hukumar da ke tsananta wa 'yan jarida ta iya haɗiye wannan littafi?

Ba za a fahimci zubinsa ba sai an san halin da jarida ke ciki a ƙasar. Tun 1964 aka kafa dokar da ta karɓe jaridu daga hannun ɗaiɗaikun masu su, ta mayar da su hannun kamfanoni, kuma ba a naɗa babban edita sai da yardar ma'aikatar watsa labarai. Wanda aka naɗa da yardar hukuma kuwa, da fushinta ake sauke shi. A watan Maris na 2002 gobara ta tashi a wata makarantar 'yan mata a Makka, 'yan mata 15 suka rasu. Jaridun ƙasar suka yi abin da ba su saba ba, suka buga shaidar waɗanda suka ce 'yan hisba sun kawo cikas wajen ceto saboda yaran ba su lulluɓe ba. Binciken gwamnati ya wanke hisba, amma duk da haka aka karɓe ilmin mata daga hannun hukumar malamai da ke riƙe da shi tun 1960, aka haɗe shi da ma'aikatar ilmi. A cikin watan nan kuma aka kori editan jaridar al-Madina don ya buga wata waƙa mai sukar alƙalai, aka tsare mawaƙin. A 2003 aka sauke Jamal Khashoggi daga shugabancin jaridar al-Watan bayan wata biyu kacal, aka kuma hana Wajiha al-Huwaidar, mai rubutu a kan sha'anin mata, yin rubutu a jaridun gida. Ƙofa ce dai da ake buɗewa da safe a rufe kafin azahar.

A wannan yanayi ne marubuciyar ta zaɓi zubinta, kuma a nan gwanintarta ta fi fitowa. Littafin wasiƙu ne 50 waɗanda wata budurwa da ba ta faɗi sunanta ba take aikawa ta intanet kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, har tsawon kimanin shekara guda. Kowace wasiƙa tana buɗewa da aya, ko hadisi, ko baitin waƙa, sau da yawa na Nizar Ƙabbani. Sa'an nan mai labarin ta amsa wa waɗanda suka rubuto mata, masu zagi da masu yabo, kana ta ci gaba da labarin ƙawayenta. Duk wanda ya saba karanta jarida zai gane wannan tsari: filin mako-mako ne da shafin wasiƙun masu karatu, sai dai babu edita, babu ma'aikatar da za ta buga waya. Watau marubuciyar ta ƙago jaridar da ƙasarta ba ta da ita, ta sa ta a cikin labari. Har martanin masu sukarta ta riga ta rubuta musu, ta yadda malamin da ya hau mumbari ya la'anci littafin sai ya tarar maganarsa tana ciki tun kafin ya furta ta.

Taurarin huɗu ne, dukkansu 'ya'yan masu hali. Gamra aka aurar wa Rashid, ya tafi da ita Cikago, can ta gane yana da wata masoyiya 'yar Japan tun kafin aurensu, ta dawo gida da ciki da takardar saki. Sadim an ɗaura mata aure da Walid, ta ba shi kanta kafin biki, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaidar rashin kamun kai, ya sake ta. Mishel, wadda uwarta Ba'amurkiya ce, uwar saurayinta Faisal ta ƙi ta saboda asali, shi kuma bai iya ɗaga wa uwarsa murya ba. Lamis kaɗai, ɗalibar likitanci mai tushe a Jidda, ta samu auren da take so.

Labarin Sadim ya fi sauran nauyi, domin a nan ne littafin ya kama al'ada da hannu dumu-dumu. A shari'a matar Walid ce tun ranar da aka ɗaura aure; ba ta aikata haram ba. Abin da ya hukunta ta ba Alƙur'ani ba ne, zato ne na namiji da tsoron bakin mutane. Bayan haka Firas, mutum mai ilmi da muƙami, ya so ta shekaru, amma da aka zo maganar aure ya tuna bazawara ce, ya auri wata, sa'an nan ya dawo yana neman ta zama ta biyu. Mazan littafin ba azzalumai ba ne irin na tatsuniya. Ragwaye ne, masu karatun zamani da zuciyar tsoro, kuma wannan hoto ya fi zagi ciwo. Mai karatu Bahaushe da ya san ce-ce-ku-cen da aka sha yi a kan littattafan soyayya na Kano, da zargin ɓata tarbiyya da aka yi wa marubuta mata, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Harshen littafin ma abin dubawa ne. An gauraya Larabcin littafi da karin Najadu da na Hijaz da na Labanan, da Ingilishi da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, kowace tauraruwa da irin bakinta, har mai karatu ya san asalin mutum da ajinsa daga maganarsa. Masu kishin nahawu sun ga wannan a matsayin rauni, alhali shi ne ran littafin. Fassarar Ingilishi ta 2007 ta daddale yawancin wannan, har mai fassarar, Marilyn Booth, ta fito fili ta ce an sauya mata aiki ba da son ranta ba.

Amma fa littafin yana da iyaka, kuma iyakar ba ƙarama ba ce. Da fari, duniyarsa ƙunci gare ta: kantuna masu sanyi, bukukuwa, hutu a London. Direbobi da 'yan aikin gida, waɗanda alhazai ke gani a kowane lungu, suna wucewa kamar inuwa. Matar ƙauye da matalauciyar birni ba su da murya ko ɗaya. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, yatsan marubuciyar yana nuna uwar miji, da dangi, da saurayi marar ƙashin baya, amma ba ya nuna doka. Akwai wurin da Mishel ta yi shigar maza ta tuƙa mota da ƙawayenta a titunan Riyad. An ba da shi a matsayin wasan 'yan mata, abin dariya, alhali a watan Nuwamba na 1990 mata 47 sun yi tuƙi a wannan birni da sunayensu da fuskar neman hakki, aka kama su, aka dakatar da masu aiki daga cikinsu. Tsarin waliyyi, wanda a lokacin ya hana mace tafiya sai da iznin namiji, yana nan a ƙarƙashin kowane shafi, amma ba a taɓa tsayar da shi an tuhume shi ba. Ga kuma darasin da labarin Lamis ya ƙunsa: ta yi nasara ne don ta iya ja wa namiji rai, ta bi ƙa'idar wasan da ya cinye ƙawayenta. Littafin da ya fara da alkawarin tonon silili ya ƙare da dabarun samun miji.

Wannan ne amsar tambayar da aka yi a farko. Ba banza ba Gazi al-Ƙusaibi, mawaƙi kuma minista a gwamnatin lokacin, ya rubuta wa littafin yabo: sukar al'umma abu ce da fada ke iya jurewa, har ta yi amfani da ita wajen rage ƙarfin malamai, muddin ba a taɓa mai mulki ba. Abin da ya biyo baya ya nuna marubuciyar ta karanci layin daidai. A watan Yuni na 2018 aka ba mata iznin tuƙi, a 2019 aka yarda wadda ta kai shekara 21 ta karɓi fasfo ba tare da waliyyi ba. Amma makonni kaɗan kafin a fara tuƙin aka kama matan da suka daɗe suna neman sa, cikinsu har da Lujain al-Hazlul, wadda ba a sake ta ba sai a Fabrairun 2021. Khashoggi kuwa an kashe shi a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoba, 2018. Mishel ta labari yau za ta iya tuƙa motarta ba tare da rawanin aro ba. Mai wasiƙun Juma'a kuwa, da za ta sake aikawa, har yanzu ba za ta sa sunanta ba.