Hotunan Duwatsun Dutse Cikin Hazo

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 ake yawan ɗaukar hoton duwatsunta cikin hazo. Galibin hotunan kwaikwayo ne na hotunan tsaunukan Turai, inda abin da ke lulluɓe dutse tururin ruwa ne, fari fat. Na ƙasar nan kuwa busasshiyar ƙura ce, wadda Hausawa ke kira buda, iskar hunturu ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Launinta ja-ja ne, takan dushe rana, ta kashe inuwa. Mai hoton da ya wanke launin nan har ya koma shuɗi-shuɗi, lalle ya faranta wa ido, amma ya yi wa ƙasar ƙarya, gama ɗalibin da aka koya wa labarin ƙasa da irinsa zai zaci akwai laima a Dutse cikin Janairu.

Itatuwa sun fi duwatsu tona asiri. A hanyar Miga, kuka kan kaɗe ganye da hunturu, gawo kuwa lokacin yake kore shar. Hoton da ya haɗa su biyu, ga awaki suna kiwo a gindin gawon, ya nuna lokacin da aka ɗauke shi, ba sai an rubuta a ƙarƙashinsa ba.