Ɗan'uwa da Ɗan Uba: Sharhi a kan Fina-finan Tarihin Ƴan Wasa da Kokowar Damargu

Dalilin rubuta wannan maƙala shi ne wata tambaya da wani tsoho ya yi a gabana a Olelewa, cikin ƙasar Damargu, bayan an gama girbin hatsi. Samari ne suka taru da dare suna kallon fim ɗin Indiyan nan mai suna Dangal, wanda ya fito a 2016, shi kuwa tsohon, wanda ya yi kokowa a zamaninsa, yana zaune daga gefe bisa buzu. Da aka zo karawar ƙarshe, jarumar fim ta ɗaga abokiyar karawarta ta maka da ƙasa, samari suka ɗau sowa, sai ya tambaya ko ita wadda aka kayar ɗin ɗiyar wane ce, wa ya koya mata, su wa kuma ta taɓa kayarwa a ƙasarsu. Abin da samarin suka iya gaya masa kawai shi ne daga Ostireliya take, kuma ta taɓa ka da jarumar a baya, domin iyakar abin da fim ɗin ya faɗa ke nan. Ya ce in haka ne shi bai ga abin sowa ba tukuna.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin gardamar tsofaffi. Ni a ganina sharhi ne cikakke, kuma ya taɓa babban raunin irin waɗannan fina-finai, watau waɗanda ake ɗauko rayuwar wani ɗan wasa na gaskiya a mayar da ita labari. Galibinsu a kan murhu ɗaya ake dafa su, mai duwatsu uku: yaro mai buri, gidan da ke tura shi ko danne shi, da abokin gaban da zai kayar kafin a rufe labule. Tun da yaranmu suna kallonsu a wayoyi da gidajen kallo, kuma ba makawa wata rana wani zai so ya yi wa wani zakaran kokowarmu irin wannan fim, ya kamata a auna duwatsun nan uku da ma'aunin Hausa tun kafin a ɗora tukunya.

Mu fara da Dangal ɗin kansa. Labarin Mahavir Singh Phogat ne, wani ɗan kokowa na jihar Haryana, wanda ya horar da ƴaƴansa mata, Geeta da Babita, har Geeta ta ci lambar zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010. Fim ne mai daɗin kallo, kuma Aamir Khan ya fito da uban yadda ya kamata, da taurin kansa da ƙaunar da ba ya iya furtawa. Amma dubi inda aka taɓa gaskiya. Wadda Geeta ta kara da ita a wasan ƙarshe sunanta Emily Bensted. A fim an sake mata suna, an mai da ita mai girman kai da raini. Ainihin karawar ba ta yi tsanani ba, cikin zagaye biyu aka gama, 1 da 0, sa'an nan 7 da 0. A fim sai da aka kai daƙiƙar ƙarshe. An kuma nuna mai horar da ƴan wasan ƙasa mugu ne, har ya sa aka kulle uban a ɗaki don kada ya ga nasarar ɗiyarsa, alhali uban yana cikin ƴan kallo a ranar. Ba laifi ba ne mai ƙaga labari ya ƙara gishiri. Abin lura shi ne duk gishirin wuri ɗaya aka zuba shi, wajen ƙera abokan gaba, kamar dai nasara ba ta cika sai an sami mugun da za a ka da.

A Hausa kuwa al'amarin a juye yake. Kirarin ɗan kokowa ko ɗan dambe, da waƙoƙin maza irin waɗanda Ɗan Anace ya yi wa Shago, su ne tarihin rayuwar ƴan wasa da muka gada, kuma jigonsu lissafin mazaje ne: wane na gari kaza, an gamu a wuri kaza, ga yadda aka rabu. Makaɗi ba ya ɓoye sunan wanda aka kayar, ba ya kuma rage masa ƙarfi, sai ma ya ƙara masa, domin girman wanda ya faɗi shi ne mudun da ake auna wanda ya tsaya. Wanda ya ka da marar suna bai ka da kowa ba. Abin da tsohon nan ke nufi ke nan. Ko zambon da makaɗi kan yi wa abokin karawa, ai sai wanda ya isa ake yi wa. Ba a ɓata fatar ganga a kan rago.

Cikin fina-finan Turai da na gani, Rush na Ron Howard, na 2013, shi ne ya fi kusa da wannan fahimta. Labarin tseren motoci ne na 1976 tsakanin James Hunt na Ingila da Niki Lauda na Ostiriya: Lauda ya ƙone a hatsari a Jamus, ya komo fage bayan mako 6, a tseren ƙarshe a Japan ya janye saboda ruwan sama, Hunt ya ci kambi da ratar maki ɗaya. Fim ɗin ya ba kowannensu gida da hali da hujja, har mai kallo ya rasa wanda zai goya wa baya. Duk da haka shi ma ya zafafa ƙiyayyar da ke tsakaninsu fiye da yadda take, domin mutanen nan biyu abokai ne tun suna samari.

Sai batun buri. Kalmar nan a Hausa ba ta da tsarki kamar takwararta a bakin masu fim na Amurka. Idan aka ce mutum yana da dogon buri, ba yabonsa aka yi ba. A fim ɗin King Richard na 2021, Richard Williams ya rubuta tsarin rayuwar ƴaƴansa Venus da Serena tun ba a haife su ba, yana kuma shelar cewa su ne za su zama zakarun duniya, fim ɗin kuwa yana tafa masa domin tarihi ya gaskata shi. (A tuna dai su Venus ɗin suna cikin waɗanda suka shirya fim ɗin, saboda haka ba a sa ran su tone asirin gida.) Ɗan kokowar Damargu ba ya magana haka. A tambaye shi bayan ya yi kaye, zai ce sa'a ce, Allah ne ya ba shi. Ba wai ba shi da buri ba ne. Al'ada ce ta keɓe wa burin wuri da lokaci. A tsakiyar fage, gaban makaɗa, yana iya ɗaga hannu ya kira kansa duk abin da ya ga dama, ya ƙalubalanci duniya, ba mai ganin laifinsa, domin kirari ne. Da ya fita daga da'irar sai kunya ta komo. Saboda haka marubucin da zai sa saurayi ya tsaya gaban mahaifinsa a zaure yana bayyana mafarkinsa, ko da da Hausa mai kyau ya rubuta, fassara ya yi. Wurin da zai sa wannan magana shi ne bakin makaɗi, ko bakin cali-cali mai ba da dariya a fage, wanda ke da izinin faɗin abin da kowa ke ɓoyewa.

Haka nan matsayin uba. A Dangal da King Richard uba shi ne malami, shi ne mai tashin yara da asuba, kuma babbar ɗiyarsa ita ce madubinsa. A gidan Bahaushe na ƙauye, ɗan fari shi ne wanda uba ba ya ko kiran sunansa, balle ya fito fili yana yi masa sowa. Wanda ke kai yaro fage sau da yawa kawu ne, ko ƙanen uba, ko wani tsohon ɗan kokowa na unguwa. Uban yana iya kasancewa can gona ranar karawa, yana yi kamar bai sani ba, kunnensa kuwa yana wajen ganga. Ni ban san wani abin da ya fi wannan shirun dacewa da hoto ba, amma murhun da aka aro ba shi da wurin ɗora shi.

Inda harshen ya fi ba da mamaki shi ne wajen kishi. Masu sharhin fim na waje sukan lissafa iyali daban, gaba daban, kamar jigogi biyu. Hausa ta riga ta ƙulle su cikin kalmomi. Ɗan'uwa, wato wanda kuka haɗa uwa, shi ne ya zama sunan duk wani makusanci abin dogara; ɗan uba kuwa, wanda kuka haɗa uba kaɗai, shi ne ya haifi kalmar ƴan ubanci, wadda ake faɗa wa duk wata gasa mai ɗaci tsakanin na jiki. Kishiya ma daga kishi take. Ma'ana, a tunanin Bahaushe gasa daga tsakar gida take farawa, tsakanin ɗakuna, kafin ta fita dandali. Fim ɗin The Iron Claw na 2023 ya taɓo gefen wannan, inda Fritz Von Erich, ɗan kokowar Texas, yake jera ƴaƴansa bisa wanda ya fi so yana gaya musu jerin na iya sauyawa. Ƴaƴa maza 6 ya haifa, 5 sun riga shi mutuwa. Sai dai nan ma an yi abin da makaɗi ba zai yi ba: an share ƙaraminsu, Chris, daga labarin ɗungum, wai don kada baƙin ciki ya yi wa mai kallo yawa. Kuma su duka ɗaki ɗaya suka fito. Gidan da ke da mata biyu ko uku, inda nasarar yaro a fage nasarar ɗakin uwarsa ce, faɗuwarsa kuma abin magana a bakin murhu, wannan ba a Texas za a koyo shi ba.

Ba kuwa za a ce Nijar ba ta da abin koyi na kanta ba. A fim ɗin Jean Rouch, Moi, un Noir, na 1958, Oumarou Ganda, wanda a lokacin leburan tashar jirgin ruwa ne a Abijan bayan ya komo daga yaƙin Indocin, ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa a bisa hotunan da aka ɗauka. A ciki yana mafarkin ya zama zakaran damben zamani irin Sugar Ray Robinson, aka nuna shi ya hau dandamali ya yi nasara; da aka komo zahiri kuwa, wani Bature ɗan Italiya ne ya lakaɗa masa duka a kan mace. Wannan muryar da ke wasa kanta a kan hoton da ke ƙaryata ta, kirari ce tsantsa, kuma ta fi gaskiya bisa ga daƙiƙar ƙarshe ta Dangal. Moustapha Alassane shi ma, a ɗan gajeren fim ɗinsa na ƴan tsana mai suna Kokoa, ya sa kwaɗi da hawainiya suna kokowa a fage, ya kama kaɗe-kaɗen da tsalle-tsallen da hayaniyar ƴan kallo, watau ya gane cewa kokowa taro ce kafin ta zama labarin mutum ɗaya.

Kayan aiki kuma suna nan jibge. Tun 1975, sa'ad da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa zamanin Seyni Kountché, kowace jiha take kawo mazajenta, yau jihohi 8 da ƴan kokowa goma-goma. Sunayen na farko sun hau kan filaye: na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso da na Salma Ɗan Rani, na Damagaram da na Langa-Langa, kuma mai karatu zai lura ba a cika ambaton ɗayansu ba tare da an jawo sauran ba. A zamanin nan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Amma kafin kowane ɗayansu ya kai babban fili, akwai kokowar kaka ta ƙauye da ƙauye, irin wadda ake yi a garuruwan Tanut da Belbeji idan rumbuna sun cika. A shekarar fari kuwa, abin da Damargu ta sani sarai, samarin sukan watse ci-rani, ganga ta yi shiru, ƙarfin da aka tara ya tafi ga dako a wani birni. Tarihin ɗan kokowar nan ba ya rabuwa da na damina.

Kada a ce na wanke kokowarmu fes. Akwai zargin sammu, akwai layu da guraye da rubutun sha da kowane ɓangare ke tanada, akwai kuɗin manya da ke shiga tsakani, akwai zakaran da ya tsufa ba ko tunkiya bayan an sha sowa da sunansa. Daren da ke gaban karawa, sa'ad da ɗan kokowa ba ya cin abincin kowa sai na hannun wanda ya yarda da shi, ba ya kuma barin a san inda ya kwana, ya ishi mai fim rabin sa'a. A daren nan wanda yake tsoro ba lalle ne mutumin da zai kama gobe ba. Shi wannan ya san sunansa da na ubansa, sun sha haɗuwa, gobe ma in ɗaya ya faɗi ɗayan ne zai miƙa hannu ya tashe shi ya kakkaɓe masa rairayi. Wanda yake tsoro shi ne mai ɗauko masa ruwa.