Ka da Ki: Nazarin Waƙar Mutum Biyu a Kunnen Hausawan Duwala

1.0 Shimfiɗa

Wannan takarda za ta dubi waƙar mutum biyu, wato wadda mawaƙa biyu suke rerawa kafaɗa da kafaɗa, babu jagora babu ɗan amshi. An zaɓi a dube ta daga unguwannin Hausawa na Duwala, a ƙasar Kamaru, domin a can ne wani batu na nahawu yake fitowa fili, wanda Bakano ba ya lura da shi saboda sabo.

New Bell ta samo asali ne a wajajen 1914, lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen gidan sarautar Bell daga bakin kogin Wuri. Daga baya ta zama unguwar baƙi, inda fataken Hausawa suka kafa zango. Sodiko kuwa tana tsallaken kogin, a ɓangaren Bonaberi. Yaron da ya tashi a waɗannan wurare yakan ji Hausa da Fulatanci da Faransanci da harshen Duwala a wuni ɗaya, waƙoƙin da ke shiga kunnensa ma haka suke a cakuɗe.

2.0 Murya biyu ba ɗaya ba ce da zance

Duwala ta san waƙar mutum biyu tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1970 Tim da Foty sun yi tashe da “Douala by Night”, wadda Missy Elliott ta Amurka ta ɗebi kiɗanta a 2001. Ƙarfinsu yana cikin haɗa murya ne. Sam da Dave na kamfanin Stax, masu “Soul Man” (1967), nasu salon kira da amsawa ne irin na majami'un baƙaƙen fatar Amurka, kuma Bahaushe zai ji shi kusa da abin da Sa'idu Muhammad Gusau yake kira karɓeɓeniya. A duka biyun, mawaƙan suna fuskantar mai sauraro ne, ba junansu ba.

Abin ya sha bamban a wajen Marvin Gaye da Tammi Terrell. A “Ain't No Mountain High Enough” (1967) kowannensu yana yi wa ɗan'uwansa alkawari, mai sauraro kuwa ɗan laɓe ne kawai. Abin mamaki, ba a tare suka rera ta ba, daga baya aka haɗa muryoyin. Abin da ya sa ta yi rai shi ne rubutun. Nickolas Ashford da Valerie Simpson suka tsara ta, ke nan da hannun mace a cikin abin da macen take faɗa.

Waƙar baka ta Hausa ba a kan wannan tsari ta ginu ba. Mamman Shata (ya rasu a 1999) shi ke kawo ɗiyan waƙa, 'yan amshi su riƙe masa gindinta. Barmani Coge ma haka take da matan amadarta. Ɗanmaraya Jos, da yake shi kaɗai ne da kuntiginsa, in yana bukatar zance sai ya ari bakin mutanen da yake ba da labarinsu. Namiji da mace su tsaya suna musayar kalaman soyayya a waƙa ɗaya, wannan finafinan Kano ne suka yaɗa shi, su kuma sun gani a wajen Indiyawa, irin su Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar. Fim ɗin Sangaya (1999), na Ali Nuhu da Fati Muhammad, yana cikin waɗanda suka kafa salon, da kiɗan fiyanon Yamaha mai kwaikwayon kayan kiɗan gargajiya. Kaset-kaset ɗin sun bi sawun fatake zuwa zango-zango, yanzu kuma wayar hannu ta gaje su.

3.0 Inda nahawu ya shigo

Hausa tana bambanta jinsi a wakilin suna na mutum na biyu tilo: kai da ke, ka zo da kin zo, naka da naki, maka da miki. Ingilishi ba ya yin haka, Fulatanci ba ya yi, harshen Duwala ba ya yi, kuma “tu” na Faransanci na kowa ne. Saboda haka baitin soyayya na Ingilishi namiji zai iya rera shi, mace ta ɗauka ta rera ba tare da ta taɓa ko harafi ba. Baitin Hausa kuwa da an buɗe baki an san wa ake nufi. Ga mai koyon Hausa a New Bell, wanda sauran harsunansa ba su saba masa da wannan ba, waƙar fim darasi ce ta ka da ki wadda ta fi allo shiga kai.

To amma a nan ne kuma raunin waƙoƙin yake ɓuya. Da yake nahawu yana bayar da kamannin zance a kyauta, marubuci malalaci ba ya bukatar ƙirƙiro zancen. Namiji ya kawo baiti da ki, mace ta maido shi da ka, masoyiya ta koma masoyi, shi ke nan an cika minti biyar. Kunne yana jin mutum biyu, alhali tunani ɗaya ne aka raba wa baki biyu. Mawaƙiyar 'yar amshi ce, an dai ɗaura mata kallabin jagora. Wannan asara ce idan aka dubi muryoyin da aka samu, irin na Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba, waɗanda sau da yawa sun fi baitocin da aka ba su nauyi.

Ɗalibi zai iya gwada kowace waƙa da kansa. Ya rubuta baitocin macen, ya juya kowane ka zuwa ki, ya miƙa wa namijin. Idan sun zauna daram a bakinsa, babu zance a waƙar. Idan kuwa suka ƙi zama, domin ta yi togaciya, ko ta tuhume shi, ko ta kawo maganar iyaye da sadaki, ko ta kauce wa amsa saboda kunya, to marubucin ya san cewa mace da namiji ba sa faɗin so da kalma ɗaya a al'adar da budurwa takan amsa da sunkuyar da kai, matar aure kuma takan sakaya sunan mijinta.

Sai kuma mu. A waƙar da aka gina da kyau, wannan wakilin suna yakan jinkirta, sai an yi ja-in-ja tsakanin ni da ke, ni da kai, sannan muryoyin su haɗu a kansa. Raunanan waƙoƙi tun daga baitin farko suke kashe shi.