Masu Tsintsiyar Asuba a Gyadi-Gyadi

Kafin 'yan Adaidaita Sahu su cika titin Zariya, masu shara sun riga sun ci rabin aikinsu daga Gyadi-Gyadi zuwa gadar Dangi. Da yawansu mata ne, tsintsiya a hannu, takunkumi a baki, ko hazon hunturu ba ya hana su fitowa.

Hukumar REMASAB ce ke da alhakin kwashe bolar Kano. Amma kowa sabuwar gada yake yabo, ba a cika tuna kuɗin man tifa da albashin lebura ba, alhali da damina leda kaɗai ta isa ta toshe magudanun Tarauni, ruwa ya shiga zaure.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli, matasan unguwa kan fito da shebur su yashe kwata, ma'aikatan hukumar su loda.