Gandu da Gado: Miƙa Gona da Garke Tun Mai Su Yana da Rai

Hanyoyi biyu ne gona ke bi daga hannun tsoho zuwa hannun na bayansa a al'adar Hausawa. Akwai rabon gado, wanda shari'a ta tsara, kuma ba ya tasowa sai an yi rasuwa. Akwai kuma gandu, wanda ke gudana shekara da shekaru tun maigida yana kan ƙafarsa. Rabon gado yana fayyace wanda ya mallaki ƙasa. Gandu kuwa shi ke samar da wanda zai iya noma ta, kuma a nan ne yawancin gidaje suka yi sakaci a wannan zamani.

A tsarin gandu, 'ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, suna aiki a gonar uba daga safe zuwa wajen azahar. Uba ne ke ciyarwa daga rumbu, ya sayi fartanya da garma, ya biya haraji, ya yi wa ɗa auren fari. Kowane ɗa kuma yana da gayauna, ɗan yankin da yake nomawa da yamma, amfaninsa nasa ne. Gayauna makaranta ce: a cikinta yaro ke yin kuskuren shuka da na taki ba tare da ya jefa gida cikin yunwa ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandu ba ya cika daɗewa bayan mutuwar uba, domin 'yan'uwa sukan rabu, kuma manoma masu hali sun fi talakawa iya riƙe 'ya'yansu a gandu. Wato tun wancan lokaci ɗa ba ya zama don biyayya kaɗai, sai ya ga abin da zai samu.

Idan aka zo rabo, lissafi a bayyane yake: matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Matsalar ita ce gona mai ciyar da gida ɗaya idan aka yanka ta gida takwas, babu yankin da zai ciyar da kowa. A karkarar Kano da kudancin Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, wannan yankan ya maimaitu har wasu magada sun gwammace su sayar da rabonsu su tafi ci-rani. Akan ɗora wa shari'a laifi, alhali fiƙihun Malikiyya ya bar ƙofofi a buɗe. Uba yana iya yin kyauta da rai, muddin wanda aka bai wa ya karɓa ya fara aiki da abin kafin ciwon ajali ya kama mai bayarwa, ko da yake malamai suna gargaɗi kan fifita wani ɗa a kan wani. Yana iya yin wakafi, a hana sayarwa a riƙa raba amfani. Magada suna iya yin sulhu, ɗaya ya riƙe gona ya biya saura. Akwai kuma shuf'a, wadda ta ba abokin tarayya damar riga bare sayen rabon da aka sa a kasuwa. Wasiyya ce kawai ke da ƙunci, don ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran.

Makiyaya sun fi manoma hikima a nan. Bafulatani yakan ba yaro maraƙa tun yana jariri, duk abin da ta haifa nasa ne, sai ɗa ya kai aure da ɗan garkensa a cikin na uba. Kafin tsoho ya gaza, yawancin shanun sun riga sun san mai su.

A zangunan Akra, babban birnin Gana, lamarin ya ɗauki wata siffa, domin a can mai noma ba kasafai yake mallakar ƙasa ba. Asalin filayen na dangogi da sarakunan ƙabilar Ga ne. Daga hannunsu Malam Bako ya sami filin da ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, dab da Abossey Okai. Nima ma ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga dangin Odoi Kwao na Osu don kiwon shanu. Makiyayar ta zama unguwa mai cunkoso, kiwo ya koma na tumaki da awaki a lungu, shanu kuma aka kora su bayan gari, wajen Ashaiman inda kasuwar shanu ta Tulaku take, da filayen da ke gaba.

Noman da ya rage a cikin birni na lambu ne, wanda ya sami ƙarfi bayan shirin ciyar da kai na gwamnatin Acheampong a 1972. A Dzorwulu da Roman Ridge da wasu wurare, ana noman latas da kabeji da albasa mai lawashi a bakin magudanan ruwa da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, a kan filayen hukuma da ba a gina ba. Da yawa daga manoman mutanen arewacin Gana ne da ƙasashen Sahel, mazauna Nima da Mamobi, kuma da Hausa suke ciniki. Aikin na ƙarfi ne. Mutum yana ɗibar ruwa da garwa biyu, ɗaya a kowane hannu, ya yi ta kai da kawowa safe da yamma, don latas ba ya haƙurin ƙishi. Kashin kaji ne takin, kuma sai an bar shi ya huce, in ba haka ba ya ƙone dashe. Mata 'yan kasuwa suna sayen kunya sukutum tun ganye bai gama girma ba, wani lokaci su ba da kuɗin iri a gaba.

Idan irin wannan manomi ya rasu, malamin da aka kira rabon gado zai tarar da garwa da injin ban ruwa, wataƙila da ɗaki a Mamobi. Ainihin dukiyar ba ta cikin lissafinsa: izinin baki da aka ba tsoho ya yi noma a wurin, matsayinsa a ƙungiyar manoma, amanar matan da ke saye, da ƙasar da ya shekara yana gyarawa da taki. Dokar gado ta Gana ta 1985, wato PNDCL 111, ita ma tana magana ne kan abin da mamaci ya mallaka da guminsa, kunyar da ke kan filin hukuma kuwa ba tasa ba ce. Abin da ke tsare ta kawai shi ne a riƙa ganin mutum a kanta kullum. Da ta yi 'yan watanni ba ruwa, wani zai shiga, ko a wayi gari an kafa kwantena.

Su kuma 'ya'yan, hankalinsu yana wani wuri. Saurayin Sabon Zango yana ganin kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a ƙofar gidansa, inda yaron shago ke da begen ubangida ya sallame shi da jari. Lambu ba ya yi masa irin wannan alkawari, sai aiki ba lada har ranar da Baba ya ga dama. Shi ya sa sau da yawa wanda ke gadon kunyoyin ɗan ƙodago ne da ya zo daga arewa ya yi shekaru yana ɗaukar garwa. Wannan ba aibi ba ne, matuƙar an yi shi da sanin iyali, aka kuma yanka wa tsoho da matarsa wani kaso. Masu shanu a bayan gari suna cikin irin wannan hali: mai garke yana birni, makiyayin haya ne ya san kowace saniya, filin kuma masu gine-gine suna cinye shi. Magadan da ba su taɓa shiga garken ba, Tulaku suke kai shi.

Babban cikas shi ne kunya da camfi. Ɗan da ya ce, "Baba, ya za a yi da lambun nan gaba?" sai a ce yana yi wa uba fatan mutuwa. Don haka maganar daga tsoho ya kamata ta fito. Ya ware wa wanda ya zaɓa kunyoyi nasa na kansa kamar gayauna, ya kai shi gaban ƙungiya da mai fili da abokan ciniki, a rubuta abin da aka amince a gaban limami ko sarkin zango, a ambaci haƙƙin mata da 'ya'ya mata a ciki. Dokar filaye ta Gana ta 2020 ta tanadi ofisoshin rajistar filayen gargajiya, kuma mai garken da ke zaune a filin dangi ko na sarauta yana iya kai yarjejeniyarsa can. Manomin lambun da ke ƙarƙashin wayar lantarki ba shi da wannan gata, don haka nasa shirin ya fi gaggawa.