Ginin Uwar Ɓera

Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaga tsohon buhu a lungun sito a Jakara, gefen Kasuwar Kurmi, ya san abin: curin auduga da tsumma da yagaggen rasit, a cikinsa ga 'ya'yan ɓera jajaye. Mai shago ɓarna yake gani, kuma da gaskiyarsa. Amma ginin ya cancanci kallo kafin tsintsiya ta hau shi.

Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, uwar kuma ba ta jira sai naƙuda. Tun a makon farko take fara jido. Da baki take ɗauko kaya, ta zaɓi mai laushi. Sai ta tsuguna, ta riƙe tsumman da ƙafafun gaba, ta riƙa tsefe shi da haƙoran gaba har ya zama zare-zare, domin tsefaffen abu ya fi riƙe iska, iskar kuma ita ke tsare ɗumi. In tulin ya isa, ta kutsa tsakiyarsa ta yi ta juyawa har ya yi rami daidai jikinta. Da hanci take tura bango sama, ta jawo rufi, ta bar 'yar ƙofa. Namiji kuwa, in babu sanyi, shimfiɗa kawai yake tattarawa ya miƙe abinsa.

Dole ta rufe. 'Ya'yan tsirara ake haifarsu, ido ba ya buɗewa sai kusan mako biyu, kuma ba sa iya riƙe zafin jikinsu. A sanyin hunturu, buɗaɗɗiyar sheƙa mutuwa ce.

Wa ya koya mata? Akwai sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini su kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, ana ce musu homon. Furojestaron, wanda ke ƙaruwa da shigar ciki, shi ke tayar da ita aiki. In an ba macen da ba ta da ciki, sai ta kama irin wannan gini.

Akwai kuma gado. A Amurka, Carol Lynch ta yi ta haɗa ɓerayen da suka fi jidar auduga da junansu, haka ma waɗanda suka fi ƙarancin jida, har ta samu zuriyar magina da zuriyar malalata. A 1999 masana a Kambirij, Ingila, suka lalata ƙwayar gado mai suna Peg3, sai iyaye mata suka yi sakaci da sheƙa da tattaro 'ya'ya. A irin wannan ƙwaya, wadda ɓera ta gada daga ubanta ce ke aiki a jikinta, ba ta wajen uwa ba.